Hoton Gwajin Fitila

Tun da aka buɗe ofishin rajistar masu tafiya yaƙin ƙetare, kujerar shagon mai hoto ba ta huce ba. Duk mai son tafiya sai ya kai hoto biyu, daga ƙirji zuwa kai. Sharuɗɗan suna manne a ƙofar ofis: kada mutum ya haura shekara arba'in da biyar, kuma gida ɗaya mutum ɗaya. Akwai na uku, amma ya ɓace mini.

Mai hoton ya ba hamsin baya da shekara shida. Gwani ne a gyaran fuska. Da fensir mai tsinin allura yake bin fim a ɗakin duhu, ya share tamojin goshi, ya mayar da furfura baƙa. Tsofaffi kan shigo shagonsa su fita da hoto kamar na ƙannensu.

Ɗansa Dogo, namiji ɗaya cikin mata huɗu, shi ke danna kyamara. Aibinsa guda ne: ɗan yatsansa yakan leƙo gefen gilashi, ya bar inuwa a kusurwar hoto. Duk hoton da ya fito haka, uban yaga shi yake yi.

Wata rana suna cin abinci, Dogo ya ce shi ma zai tafi.

Uban bai ɗago ba. "Faɗa mini sunan gari ɗaya a ƙasar."

"Ba sai na san suna ba, Baba. Ana kashe mutane a can, mu muna nan muna goge wa mutane furfura."

"Furfurar ce ta ciyar da kai har ka yi wannan tsawon."

Da suka koma shago, uban ya jawo aljihun tebur, cike da fim ɗin samarin da suka tafi. Ya ce yana ajiye su ne saboda iyayensu mata, waɗanda ke dawowa bayan wata shida ko bakwai, in labarin rasuwa ya iso, a faɗaɗa musu hoton, a sa a firam. Ya ce duk wanda ya kai kansa wannan yaƙi wawa ne. Dogo ya ce tsoro ne kawai, tsufa ya sa masa riga.

Mako uku ba mai yi wa wani magana sai ta aiki. Uwar ce ke kai saƙo tsakaninsu, daga ɗaki zuwa zaure, tana rage masa zafi a hanya.

Sai ga shi wata safiya uban ya sauko. Ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: Dogo ya bar ayarin masu tafiya na wannan Larabar ya wuce, ya bi na gaba, kafin nan ya koyi aikin ɗakin duhu. Soja ma yana bukatar sana'a in ya dawo. Dogo ya durƙusa ya yi godiya, har da neman gafara.

Kwanakin nan sun yi daɗi. Uban ya koya masa haɗa ruwan wankin hoto, ya nuna masa inda makullin ajiya yake, da wane mai kawo kaya ne ke ha'inci. Ya sayo sabuwar fitila, ya cire hula, ya zauna a kujera da kansa.

"Ɗauke ni, mu ga haskenta."

"Baba, ka miƙe ƙirji kamar mai neman aiki."

"Danna kawai. Ka kula da yatsan nan."

Sannan suka yi musaya. Uban ya ɗauki Dogo, ya daɗe yana leƙen gilashi kafin ya danna. Ina jin ranar Asabar ce. Ko Lahadi. Ranar dai an yi yayyafi.

Ran Laraba da sassafe uban ya ɗauki ƙaramar jaka, ya ce zai je babban birni sayen fim, kada a rufe shago ko na minti ɗaya. Yatsunsa sun yi baƙi, ya ce ruwan wankin hoto ne. Hularsa ta sauko har kan kunnuwa. Uwar ta raka shi bakin titi, abin da ba ta saba ba. Da ta dawo idonta ja, ta ce hayaƙi ne.

Daga cikin shago Dogo ya ji motocin ayari suna wucewa ta babban titi, direbobi na ta danna oda. Ya yi murmushi, ya ci gaba da yankan hotuna.

Washegari ya tafi ofis da hotonsa biyu a ambulan. Akawun baƙo ne, ba ɗan unguwar ba. Ya tambayi lambar gida, ya bi rajista da yatsa, ya mayar masa da ambulan.

"Gidanku ya riga ya ba da mutum."

Dogo ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ashe yardar duk wasa ce. Ashe ya durƙusa ne a gaban mutumin da ya riga ya zagayo ta baya ya toshe masa hanya.

"Babana ya zo ya roƙe ka, ko?"

"Ni ban san babanka ba, samari. Yayanka dai ya tafi jiya."

"Ba ni da wa."

Akawun ya dube shi, ya dubi rajista. "To wannan kamannin fa? Kamar an tsaga kara." Ya zaro takarda daga fayil, ya juya masa ita.

Mutumin da ke hoton ba zai wuce arba'in ba. Goshi sumul, gashi baƙi wuluk, ba hula, ƙirji a miƙe, sabuwar fitila tana haska masa kunci. A kusurwar hagu kuwa ga inuwar ɗan yatsan Dogo, wannan karon ba a yaga ba.