Sawun da ke Ƙolin Sarandib

"Ba za ki je ƙasar gumaka ba," in ji shi, ya tura mata wayarta a kan teburin kicin ɗinsu na unguwar Moss Side, can ƙasar Turawa.

'Yar tasa ba ta yi musu ba. Hoto ɗaya ta ƙara nuna masa: wani dogon dutse a Sri Lanka, da sawun ƙafa a ƙolinsa.

"Baba, mabiya Buddha sun ce nasa ne, Musulmi sun ce na Annabi Adamu ne. Sarandib ake ce wa tsibirin a da."

Shekara ashirin yana faɗa wa 'yan islamiyya a Sarandib aka saukar da Annabi Adamu, bai taɓa zaton jirgi na zuwa can ba. A hoton ga masu mayafi ruwan goro, ga masu hula, duk layi ɗaya a kan matakalar dutsen. Kansa ya ɗaure.

"Matakala nawa ne?"

"Sun haura five thousand. Kai da likita ya ce ka lallaɓa gwiwarka?"

Bai ce ta je ba, bai sake hanawa ba. Washegari da safe ta same shi a matakalar benensu, yana hawa yana sauka, yana haki, yana ƙirgawa.