Guɗar da Take Yagewa

Mai gidana, jiya ina daga ɗaki na ji wata ta kawo maka waya shago tana yi maka bayani, ba ta kai ƙarshe ba ka ce mata ta je ta sayi sabuwa. Ban tanka ba don akwai mutane. Amma ban ji daɗi ba, kuma ka san ni ba na iya kwana da magana. To ga misali, ka riƙe.

An yi wata mata da aure ya kai ta gari mai nisa, tana can uwarta ta rasu. Uwar irin mutanen nan ce da ko hoto ba sa yarda a ɗauke su, saboda haka ba ta bar murya a ko'ina ba sai wuri ɗaya. Ranar da aka kai 'yar ɗaki, farin ciki ya fi ƙarfinta ta rangaɗa guɗa, mai ɗaukar biki kuma ya kama, ya ajiye a shafinsa na intanet. Sai dai duk sa'adda matar ta buɗe shafin ta wannan ƙofa da kuke shiga intanet, burauza kuke cewa, kiɗa zai fito daidai, hirar mata ta fito daidai, amma da uwar ta ɗaga guɗa sai sautin ya yage kamar ana keta tsohon zane. Aka ce lasifikarta ce ta fashe, ta canza. Aka ce wayar ce, ta ari ta maƙwabciya, duk ɗaya. Shi kuwa mai ɗaukar biki ya ce ɗaukar ce ta lalace, kuma yana shirin share lalatattu don wuri ya yi masa kaɗan. In ya share, shi ke nan, ta yi bankwana da muryar uwarta. Ta roƙe shi ya dakata, ta lalubo inda ake kai wa masu burauzar kuka, ta rubuta iyakar abin da ta sani: guɗar uwata tana yagewa.

Masu gyaran burauzar ba mugaye ba ne. Sun gwada yadda suka saba, da magana a hankali da kiɗa mai sanyi, suka ji lafiya lau, suka ce a rufe maganar. Amma akwai wani mutum a cikinsu, ɗan wata ƙasa da ba a guɗa, ko sunan abin bai taɓa ji ba. Shi bai rufe maganar ba. Ya ce a turo masa ainihin ɗaukar. Ya sa ta a wata na'ura daban, sai ga murya garau, babu tabo. Ashe ɗaukar lafiyarta ƙalau, a hanya ake ɓata ta. Ya zauna yana bin hanyar kamar mai neman yoyo a rufin soro, har ya iso wani wuri a cikin burauzar inda ake auna sauti. Yadda aka fahimtar da ni, kamar mudu ne. In hatsi ya yi tozo, ai hannu ake sawa a shafe bakin. To wanda ya rubuta wurin ya yi kuskure a layi guda, in sauti ya cika ya yi tozo, maimakon a shafe sai mudun ya kife gaba ɗaya. Maganar yau da kullum ba ta cika mudun, shi ya sa ba wanda ya lura. Guɗar uwa ranar auren 'yarta kuwa, wane mudu ne zai ɗauke ta? Ya gyara layin, gyaran ya bi iska ya shiga wayoyin duniya. Wata safiya matar tana tankaɗe ta sake buɗe shafin, ba don tana sa rai ba, sai don sabo. Guɗar ta tashi, ta hau, ta yi rawa a sama yadda uwar take karkaɗa ta, ta sauka ba ta yage ba. Ta ajiye rariya ta zauna a ƙasa. 'Yarta da ba ta riski kakar ba ta ce, "Umma, wace ce?" Ta ce, "Mai sunanki ce." Tun daga ranar ba ta idar da salla ba tare da ta sa mutumin nan a addu'a ba, alhali ko sunansa ba ta iya faɗa daidai.

Ni ma da ban san shi ba ina gode masa. Wayo ne ya fi 'yan uwansa? Ban sani ba. Na dai san sautin da ya yage kowa ya ɗauke shi a matsayin ƙara, shi kaɗai ya tsaya ya tambayi abin da yake nufi. Gobe in matar nan ta dawo shagonka, ka ba ta kujera ka bar ta ta gama maganarta. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.