Kofin da Baƙo Ya Kife

Baƙon ya kife kofinsa a kan kanta, a nan komai ya lalace. A mashayar Noeleen, wanda ya kife kofi yana nufin zai iya dukan duk namijin da ke ɗakin.

Darcy mai askin tumaki ya ture farantin soyayyen kifinsa, ya miƙe. Shekara goma sha biyar ba a taɓa kife kofi a gabansa ba, sai yau wani tsohon matafiyi ɗan Koriya, da rana tsaka.

"Darcy, ashe an daina tsoronka," in ji wani daga kusurwa. Aka kwashe da dariya.

"Zauna, kai jaki," Noeleen ta ce. "Ya haife ka."

Ina! In ya zauna, gobe har a rumfar askin tumaki sai an yi da shi. Ya taka har gaban tsohon.

"Baba, ɗaga kofin nan, ko mu fita waje."

Tsohon bai da Turanci. Ya danne kofin da tafin hannu yana girgiza kai.

"Au, taurin kai ma?"

Darcy ya bankaɗe hannun, ya fizge kofin mai kumfa, ya buga tafinsa a kanta.

Ƙarar da ya ƙwalla har titi. Ashe wani gizo-gizo mai ja a baya, mai mugun dafi, tsohon ya rufe, yana jiran a kawo tsintsiya. Shi ya ciji Darcy a tafi.

Kwana uku Darcy ya yi a asibiti. Har yau in ya shigo, kowa kife kofinsa yake.