Layin Baya a Adabraka

Fim ɗin da Rauf ya shirya, na aljani mai tsoron kyankyaso, a zaure ɗaya kawai aka nuna shi a unguwar Adabraka, kujeru kuma suka fi mutane yawa. Da aka kunna fitila, sai ya hango Shamima a layin baya, irin mazauninsu tun suna yara a gidan bidiyon unguwar Maamobi.

"Kin gani dai," ya ce, idonsa a ƙasa. "Babanki ya yi gaskiya, wannan ba sana'a ba ce."

Ta share hawayen dariya da bakin mayafinta. "A da idan na tsorata, rigarka nake kamawa. Yau na kai hannu, ba kowa." Ta miƙe. "Ka turo kawunka da goro. Baba kuwa, bar ni da shi."