Mashin da Ya Wuce Kunnen Mushe

Ina aji uku a lekwal, wato makarantar firamare, a Villeurbanne ta ƙasar Faransa, malaminmu, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya fita da mu fili don mu ga yadda mutanen farko ke farauta. Ya zo da wata gajeriyar sanda mai ƙugiya a ƙarshe. A ƙugiyar ake ɗora gindin mashi a wurga, sai ya yi nisan da hannu kaɗai ba zai kai shi ba. Can gaba ya kafa barewar kwali.

Da layi ya zo kaina, ya miƙo mini sandar yana murmushi. "Ku matsa ku ga gwani. Su a garinsu har yanzu da wannan ake neman abincin dare."

Yara suka kwashe da dariya.

Na ce, "Mushe, a nan aka haife ni."

Ya ce, "Jefa dai."

Na ɗora mashin, na ba barewar baya, na auna malamin. Mashin mai bakin roba ne, amma da ya wuce ta gefen kunnensa sai da ya durƙushe a ciyawa.

Yau ina da 'ya'ya, na yafe wa mutane da yawa. Shi ban yafe masa ba. In na tuna murmushin nan, har yanzu sai in ji kafaɗata tana gyara saiti.