Tsarabar Mai Kifi daga Watan Ƙanƙara

Sai da jagoran ya doki ƙofar da kafaɗa sau biyu kafin ta buɗe. Sanyi ya turo kai, irin wanda ke ratsa riga mai hawa bakwai ya gaida ƙashi. Mai Kifi ya ɗaga ƙafar dama ya taka watan ƙanƙara, hawaye na neman zubo masa cikin hular gilashi.

Sunan nan na Mai Kifi shi ya kawo shi nan. Shekara ashirin rabonsa da taɓa kifi, yana da masana'antar kifi da motoci da ofis mai hawa shida, amma bakin mutane ya ƙi sakin sunan. Ya yi duk abin da manya ke yi. Ya daina amsa gaisuwar ma'aikata. Ya sa a riƙa maƙala wa kowane kifi 'yar roba ruwan ɗorawa mai lamba, don a ganinsa duk talaka ɓarawo ne da bai samu dama ba. Da tsohon da ke kula da ɗakin sanyin adana kifi ya dame shi da ƙorafin gyare-gyare, sai ya sallame shi ta waya, ya ce injuna sun iya kula da kansu. Ko makulli bai tsaya karɓa ba, wa ke da lokacin wani gurgu?

Duk da haka, in an taru a gidan surukai, yayan matarsa ake saurara. Yaya ya je Jar Duniya, can sararin samaniya, sau ɗaya, shekara huɗu ke nan bai gama dawowa ba, ko gishiri ka ce ya miƙo sai ya faɗa maka yadda ake miƙa shi a can. In ya gama kuma ya waiwayo ya ce, "Mai Kifi, ya kasuwa?" Abin na yi masa ciwo ƙwarai.

Ana haka wata takarda ta iso teburinsa. Wani sabon kamfani ne ke kai mutum wata 'yar ƙaramar duniya can ƙarshen duniyoyin da ke zagaya rana, ya sauka a kan watanta, inda ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Kwana tara zuwa da dawowa, duka cikin barci, kuma da sauƙin kuɗi. Matarsa ta tuna masa araha ba ta ado. Ya ce mata kishin yayanta take tayawa.

Ga shi yau ya iso. Sama baƙa ƙirin, da 'yan taurari jefi-jefi. Tsaunukan ƙanƙara sun tsaya a jere, gwanin tsari, kamar wani ne ya shirya su. Ya yi mamakin da bai ji jikinsa ya yi sakayau ba yadda Yaya ke faɗa, jagoran ya amsa ta na'urar kunne cewa an ƙara wa takalman nauyi ne, don kada babban mutum ya tashi sama kamar leda. Wannan bayani ya yi masa daɗi. Wani gurnani da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa kuwa, ai teku ne ke motsi a ƙarƙashin ƙanƙarar.

Taku talatin kacal aka yarda masa, da igiya a ƙugu. Jagoran na gaba yana jan ƙafa ɗaya, fuskarsa a rufe da baƙin gilashi. Mai Kifi ya tausaya masa, ya ce a ransa sararin samaniya ba ya barin mutum lafiya. Aka ɗauke shi hoto ya riƙe ƙugu. Da za su juya, jagoran ya daɗe yana zaɓe kafin ya ɗauko wani curin ƙanƙara ya miƙa masa.

"Wannan naka ne, ranka ya daɗe. Na rantse ba wanda ya fi ka haƙƙi a kansa."

Ya farka a gadon kamfanin da ciwon kai da gemun kwana tara. A gida ya haska curin da fitila. Akwai wani abu a ciki, dogo, mai duhu, da alamar ido. Halitta ce! Abin da masana suka ƙare rayuwarsu suna nema, shi ya kawo shi gida a jaka.

Ya kama babban zaure, ya kira 'yan jarida, ya gayyato masana uku masu furfura. Ya zaunar da Yaya a kujerar gaba, inda ba abin da zai wuce shi. Aka ɗora curin a faranti ƙarƙashin fitilun masu hoto, shi kuma ya hau jawabi. Ya yi magana a kan jarumta da hangen nesa, ya ce daga yau duniya za ta san sunan da ya dace ta kira shi.

Ƙanƙarar na ta ɗiga. Kai ya fara bayyana, sai ƙaya, sai wani ƙarni da ya sa matarsa ta sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin masanan ya sa hantsaki ya ɗaga halittar a hankali, ya juya ta gaban kyamara.

Yaya ya gyara tabarau, ya leƙa, ya yi murmushin da Mai Kifi zai tuna har kabari.

A jikin wutsiyar, 'yar roba ce ruwan ɗorawa ke lilo, da lambarta.