Amsar da Ba a Raɗa wa Ottavia Ba

Ana gwajin opera, wasan kwaikwayo na waƙa, da la'asar, Ottavia na zaune a bene ita kaɗai. Tun da ta bar fitowa wasa, ita ke ɗauke da nauyin gidan wasan.

Gualtiero ya hauro, hula a hannu. Shekara ashirin ya yi a ramin gaban dandali, yana raɗa mata magana in ta manta.

"Sinyora Ottavia, na gaji da hango ki daga ƙasa. Ki aure ni."

Ta zuba wa leɓensa ido kamar da.

"Raɗa min mana, Gualtiero."

"Wannan amsar ba ta cikin takardata."

Ya jira, ya jira. Sannan ya sauka, tana kallo har ramin ya haɗiye shi.